Agogon da Aka Karɓa da Sunan Yarda

A shekarar 1849 an yi wani mutum a birnin New York na Amurka da ya addabi masu agogo. Sunansa William Thompson. Ba ya fasa gida, ba ya yanke aljihu, ba ya tare hanya da makami. Zai ci ado tsaf irin shigar masu hali, ya tari mutumin da bai taɓa gani ba a kan titi, ya gaishe shi da fara'a kamar sun shekara goma rabonsu da haɗuwa. Bayan sun ɗan taɓa hira sai ya jefa masa tambaya guda: shin ka yarda da ni har ka iya ba ni amanar agogonka zuwa gobe? Shi kuma mutumin yana ta laluben inda ya san wannan fuska, yana jin kunyar a ce ya manta da tsohon idon sani, sai ya ciro agogon ya miƙa. Thompson ya juya yana dariya ya yi gaba, mai agogo ya tsaya yana zaton wasa ne. Shi ke nan rabonsa da agogo.

Cikin waɗanda ya yi wa haka akwai wani Thomas McDonald, wanda ya rabu da agogon zinare na dala 110 a watan Mayu, a zamanin da lebura ke wuni yana aiki a kan dala ɗaya ko kusa da haka. Bayan kusan wata biyu McDonald ya yi kiciɓis da shi a titi, ya kira ɗan sanda, aka kama shi. Jaridar New York Herald ta buga labarin ranar 8 ga Yuli, ta laƙaba masa suna da kalmar da shi kansa yake farauta da ita: confidence man, wato mutumin yarda. Sunan ya bi gari. A 1857 marubuci Herman Melville ya sa shi a bangon wani littafinsa na ƙagaggen labari. Kafin ƙarnin ya ƙare bakin Amurkawa ya gutsure kalmar ta koma con man, daga nan kuma con ta zama aikatau mai nufin a damfari mutum. Duk mai jin Turancin da ya yi amfani da ita a yau, ko ya sani ko bai sani ba, tambayar Thompson yake maimaitawa.

Turanci na da tarin kalmomi na yaudara. Hoodwink asalinta ɗaure wa mutum ido da ƙyalle ne tun ƙarni na 16, kusan yadda mu ma muke cewa rufa-ido. Bamboozle ta ɓulla wajen 1700, har marubuci Jonathan Swift ya koka a 1710 cewa ire-irenta na ɓata harshe. Swindler daga Jamusanci aka aro ta. Waɗannan duk suna kwatanta dabarar mai cuta ne ko ruɗewar wanda aka cuta. Ita kuwa con tana nuna abin da aka shiga ta cikinsa. Confidence daga Latin ta fito, daga saiwar da ke nufin yarda, kuma daga dangin wannan saiwa ne Turanci ya samo faith, wato imani. Abin da ya ja hankalina shi ne mu ma haka kalmominmu suke. Amana, aminci, amini, amincewa, imani, duk tsatso ɗaya ne na Larabci. Tun kafin na san akwai wani Thompson a duniya na tashi ina jin ana cewa an yi wa wane zamba cikin aminci. Bahaushe da Ba'amurke, kowa ta hanyarsa, sun gano abu ɗaya: irin wannan ɓarawon ta ƙofar da aka buɗe wa aboki yake shigowa.

To idan har harshenmu ya san haka, me ya sa bakinmu ke saurin hukunta wanda aka cuta? Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ba daga nesa na hango ta ba.

Kawuna malamin firamare ne, shekara 35 ya yi yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki. Rabin magidantan unguwarsu ta ajinsa suka bi. Da kuɗin sallamarsa suka fito, bayan shekaru na jeka-ka-dawo, sai wani tsohon ɗalibinsa ya fara zuwa gaisuwa. Ɗan unguwa ne, an san ubansa, an san gidansu, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Zai tuɓe takalmi tun daga bakin soro, ya durƙusa ya ce, "Malam, ai duk abin da muka zama ku ne sila." Wata uku yana zuwa bai taɓa ambaton kuɗi ba. Ranar da ya ambata ma ba roƙo ya yi ba. Cewa ya yi yana saro hatsi a ƙauye da kaka ya ajiye zuwa bazara, kuma nauyi yake ji a ce yana juya wa wasu kuɗi suna samu, malaminsa na zaune kuɗinsa na narkewa a banki. Kawu ya ba shi kaɗan don gwaji. Bayan wata biyu ya dawo da uwa da riba a cikin ambulan, har da lissafi a rubuce. Karo na biyu ma haka. A karo na uku Kawu ya ba shi duka.

Wata bakwai Kawu ya yi bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Ya rame, ya daina zama a majalisa bayan la'asar, muka yi ta zaton ciwon sugarsa ne ya tashi. Ranar da maganar ta fito na ce masa, "Kawu, me ya hana ka gaya mana tun da wuri?" Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Ɗana, ni da na koya wa mutane lissafi, da wane baki zan ce yaron da na koya wa ƙirga ya yi mini wannan?" Kuma abin da ya ji wa tsoro shi ya faru. Kafin mako ya zagayo an fara cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya faɗa a gabana cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikin wata bakwai ɗin nan da Kawu ya yi shiru, yaron ya karɓi kuɗin wasu mutum huɗu a unguwar, kuma abin da ya fara gaya wa kowannensu shi ne, ai har Malam ya zuba nasa.

Maganar ɓera da daddawa tana da 'yar'uwa a Amurka. 'Yan damfarar can suna da kirarin da suke yi wa sana'arsu, cewa ba a iya cutar mai gaskiya. Wani masanin harshe mai suna David Maurer ya shafe shekaru yana zama da su yana tattara kalmomin da suke amfani da su a tsakaninsu, ya wallafa abin da ya samu a 1940, kuma a wurinsu ya ji wannan ra'ayi: wai duk wanda suka kama, da ma can akwai son banza a zuciyarsa. Amma a duba daga bakin wa maganar ta fito. Shaidar ɓarawo ce a kan wanda ya yi wa sata. Magana ce da ke ba shi damar yin barci da daddare. Abin takaici shi ne yadda muka karɓe ta daga hannunsa muka mayar da ita hikima, muna jifan 'yan'uwanmu da ita a ranar da suka fi bukatar a kama musu.

Ban ce babu kwaɗayi a lamarin ba. Akwai, kuma wani lokaci shi ne kan gaba. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude ya yi shigar burtu a matsayin gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya karɓi dala miliyan 242 daga hannun Nelson Sakaguchi, wani darakta a bankin Noroeste na ƙasar Birazil, a kan filin jirgin saman da babu shi a Abuja. An yi wa Sakaguchi alkawarin kamasho na dala miliyan 10, kuma kuɗin da ya riƙa turowa ba nasa ba ne, na bankin da ya ba shi amana ne. Wannan daddawar kam tana da wari. Haka wanda ya ji MMM, wani tsarin zuba kuɗi ta intanet, na alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata ɗaya, ya san babu kasuwancin da ke haifar da haka, ya shiga da niyyar ya kwashi nasa ya fita kafin ginin ya rufta kan na baya, shi ma yana da tambayar da zai amsa. Sai dai lokacin da MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa, NDIC, ta ce kimanin 'yan Najeriya miliyan 3 ne suka yi asarar naira biliyan 18. Mutum miliyan 3 ba za a ce duk mazambata ne da aka riga wayo ba. Mafi yawansu wani ne ya kawo su, ɗan'uwa ko abokin aiki ko maƙwabci, kuma shi mai kawowar ya nuna musu alat ɗin kuɗi na gaske a wayarsa. Tsarin ma ba ya kiran abin zuba jari, taimakon juna yake kiransa.

A koma ga mutumin da aka ƙirƙiro kalmar dominsa. Thompson bai taɓa yi wa kowa alkawarin riba ba. Ko sisi. Wanda ya ba shi agogo ba ya tsammanin komai sai agogonsa gobe. Abin da ya kama mutane da shi kunya ce da kara, da gudun kada su wulaƙanta wanda wataƙila sun taɓa cin abinci tare. Wace ɗabi'a ce a cikin waɗannan ba mu koya wa 'ya'yanmu? Mu da za a tsayar da mutum a tasha a ce "ba ka gane ni ba?" ya ce "haba, na gane mana," alhali bai gane ba, don kawai kada ya kunyata mai tambaya. Da Thompson a garinmu ya yi sana'arsa, da ya tara agogo buhu-buhu, kuma da mutanen kirki zai fi samu.

Haka abin yake har yau. Wanda aka bugo wa waya aka ce daga banki ne, za a rufe asusunsa idan bai karanto lambar da aka turo masa ba, tsoro ne ya kama shi. Uwar da aka ce mata ɗanta ya yi hatsari yana asibiti, a turo kuɗin jini yanzu-yanzu, tausayi ne. Tsohuwar da ta sayar da gonar gado ta biya kujerar Makka a hannun wanda ba shi da kujera ko ɗaya, wane kwaɗayi za a ce ta yi? Uban da ya biya kuɗin takardar ɗaukar aiki ta bogi don ɗansa ya shekara biyar da gama makaranta yana zaune a gida, ya yi kuskure, amma kuskuren mai neman mafita ne. Shi kansa Kawu, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, mutumin da ke kallon guminsa na shekara 35 yana raguwa kowace safiya bai zama mai haɗama ba don ya nemi inda zai juya shi. Ajiyar hatsi kuwa sana'a ce da kowa ya sani.

Ko a can inda kalmar ta fito, damfarar da ta fi kowace girma a irinta ba da romon baka na ninka kuɗi aka yi ta ba. Charles Ponzi, wanda ake kiran tsarin biyan masu zubin farko da kuɗin waɗanda suka biyo baya da sunansa, ya yi wa mutanen Boston alkawarin ribar kashi 50 cikin ɗari a kwana 45 a 1920, kuma bai kai ƙarshen shekarar ba asirinsa ya tonu. Bernard Madoff kuwa shekaru masu yawa ya yi yana cin karensa babu babbaka, domin ribar da yake nunawa ba ta wuce hankali ba, abin da bai fi kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a shekara ba, sai dai ba ta taɓa yankewa. Tsohon shugaban kasuwar hannun jari ta NASDAQ ne, mai ba da sadaka, mai mutunci a cikin al'ummarsa ta Yahudawan Amurka, kuma a cikinsu ya fi yin ɓarna. Gidauniyoyin jinƙai sun durƙushe ta dalilinsa. Gidauniyar Elie Wiesel, mutumin da ya tsira daga sansanin 'yan Nazi ya kuma karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya, ta rasa sama da dala miliyan 15. Da aka kama Madoff a Disambar 2008, kuɗin da takardunsa ke nunawa mutane na da su a wurinsa sun kai kusan dala biliyan 65. An yanke masa shekara 150, ya mutu a kurkuku a 2021. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma da ɗan gida akan ci gida.

Alkur'ani ya ba mu labarin yaudarar farko da aka yi wa ɗan Adam, kuma a cikin Suratul A'araf an faɗi yadda aka yi ta: Iblis ya rantse wa Annabi Adamu da matarsa cewa shi mai yi musu nasiha ne. Rantsuwa da nasiha. Kayan aikin ba su sauya ba daga ranar zuwa yau.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ke biyo baya, domin a cikinsa ɗan damfara ke rayuwa. Ana ba da labarin Victor Lustig, wanda a 1925 ya tara dillalan tsofaffin ƙarafa a birnin Paris, ya ce shi jami'in gwamnati ne, za a rushe hasumiyar Eiffel a sayar da ƙarfenta a asirce. Wani daga cikinsu ya biya. Da ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa, kunya ta hana shi zuwa wurin 'yan sanda. Lustig ya zauna a wata ƙasa yana duba jaridu, bai ga labarin ba, sai ya dawo Paris ya sake ɗana tarkon. 'Yan damfarar da Maurer ya zauna da su sun san darajar wannan shiru har suna da mutum na musamman dominsa. Bayan an kwashe kuɗi kowa ya watse, ɗaya daga cikinsu zai tsaya tare da wanda aka cuta, ya nuna shi ma abin ya shafe shi, ya yi ta rarrashinsa yana nuna masa cewa kai ƙara ba zai jawo masa komai ba sai tonon asiri. Masanin zamantakewa Erving Goffman ya yi rubutu a kan wannan aiki a 1952. Sanyaya mutum suke kiransa.

A wurinmu ɗan damfara ba ya bukatar ɗaukar kowa wannan aiki. Mu muke yi masa kyauta. Masu dariya a majalisa suna yin rabi, masu zuwa ba da haƙuri suna ƙarasa sauran. Da maganar Kawu ta fito, kafin kwana uku dattawa sun zo soronsa. A rufa asiri, uban yaron mutumin kirki ne. A bar wa Allah. Ƙaddara ce, abin da ya tafi da ma ba rabonka ba ne. Na yi imani da ƙaddara, kuma na san haƙuri ibada ne. Amma yarda da ƙaddara tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba ta hana a gaya wa maƙwabci cewa akwai rami a hanya. Kawu yana da ikon yafe kuɗinsa idan ya ga dama. Ba shi da ikon yafe na bazawarar da za a je wa gobe, kuma dattawan da suka zo roƙo su ma ba su da shi. Rufin asirin da ake nema a irin wannan wuri, asirin mai cuta ake rufawa, a bar na waɗanda ba a kai ga cuta ba tukuna a buɗe.

Jaridar Herald, a ƙarshen labarinta na farko, kira ta yi ga duk wanda Thompson ya taɓa karɓe wa agogo da ya je kotun 'yan sanda ya dube shi. Ta fahimci cewa mutum ɗaya ne ya yi ƙarfin halin nuna shi a titi, amma akwai wasu da dama da suka haɗiye abin. Doka ba ta da ido sai na wanda aka cuta. Duniya ta san mu da lamba 419, sashen kundin laifuffuka na kudancin Najeriya da ya yi magana a kan karɓar dukiya da ƙarya, ko da yake wasiƙun wani fursuna mai dukiya da ke tsare a Sifen sun yi yawo a Turai da Amurka tun ƙarni na 19, tun babu ƙasa mai suna Najeriya. A Arewa kuwa kundin Final Kod na 1960 ya ware sashe na 311 ga cin amana, na 320 ga zamba. An kafa EFCC a 2003. A 2025 an sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari da ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ga masu tsarin Ponzi, kuma a watan Afrilun shekarar ne CBEX, wani dandalin zuba kuɗi na intanet, ta rufe da kuɗin jama'a. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Na kuma san dalilin da ke sa talaka gudun caji ofis, inda sau da yawa mai ƙara ne zai sayi mai, ya sayi takarda, ya yi ta sintiri. Wannan ma abin gyara ne, kuma babba. Amma ko an gyara shi, babu ƙarar da za a shigar matuƙar wanda aka cuta ya fi tsoron bakin unguwa a kan asarar da ya yi.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne kada ka yarda da kowa. Na ji wannan daga bakin matasa da yawa, kuma duk lokacin da na ji sai gabana ya faɗi. A shekarar da aka kama Thompson wata jaridar New York ta rubuta cewa alama ce mai kyau ga ɗan Adam a ce har yanzu ana iya damfarar mutane, domin hakan na nuna zukata ba su gama bushewa ba. Ban bi ta har ƙarshe ba, don mai faɗin haka ba agogonsa aka ɗauke ba. Amma akwai gaskiya a ciki. Kasuwancin Bahaushe kacokan a kan yarda aka gina shi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro a gidan fatoma suke sauka, su bar masa kaya da kuɗi. A Sabo ta Ibadan an daɗe ana sayar da shanun Arewa bashi ga mahauta, mai gida ne ke tsaya wa baƙonsa, babu takarda babu sa hannu. Yau ma ɗan Kantin Kwari zai ɗora wa abokin cinikinsa na Agadas ko Maraɗi dilolin atamfa a mota, kuɗi sai an sayar. 'Yan canji a Wapa suna musayar miliyoyi da kalmar baki a waya. Matan aure a cikin gida suna haɗa adashi su miƙa wa uwar adashi, da shi ake aurar da 'ya'ya, da shi ake jan jari. Ranar da kowa ya daina yarda da kowa, ba ɗan damfara ne zai fara jin yunwa ba. Talakan da ba shi da jingina, ba shi da takardar fili, ba shi da abin da zai nuna sai sunansa, shi zai fara.

Addini bai ce mana mu daina yarda ba, kuma bai ce mu yarda ido rufe ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alkur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara gaya wa wannan, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Amma mu a yau idan ka ce wa ɗan'uwa a rubuta, sai ya ɓata rai ya ce ba ka yarda da ni ba ke nan? Tambayar Thompson ce sak, da Hausa. Duk wanda ya mayar da neman shaida ya zama zagi, ya san abin da yake yi ko bai sani ba, yana share wa mazambaci hanya. Da a ce al'adarmu ce duk kuɗin da za a ba wani juyawa sai an kira mutum biyu sun zauna, da Kawu bai ji nauyin kiran ƙaninsa ba, da kuma yaron bai sami damar ce masa a bar maganar tsakaninsu saboda bakin mutane ba. Wannan sharaɗi na a yi shiru shi ne alamar da ta fi kowace bayyana, kuma a kusan kowane labari irin wannan za ka same shi.

Akwai kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da aka gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ana yawan cutarsa a ciniki. Bai yi masa dariya ba, bai ce masa wawa ba, bai hana shi shiga kasuwa ba. Ya koya masa abin da zai riƙa faɗa idan zai yi ciniki: babu yaudara. Shi kuwa mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, shi aka gaya wa cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu. A dubi wanda aka tausasa wa, a dubi wanda aka tsananta wa, sannan a dubi yadda muke yi a majalisunmu.

Kwana uku bayan labarin kama Thompson, Herald ta sake fitowa da sharhi a kan waɗanda ta kira masu irin sana'arsa a babban sikeli. Ta ce shi ya karɓi agogo ya tafi gidan yari, su kuwa manyan masu hada-hadar kuɗi na titin Wall Street suna karɓar miliyoyi da kalmar yarda ɗin nan, suna zaune a manyan gidaje ana girmama su. Shekara fiye da 170 ke nan, kuma ban ga abin da zan ƙara a kai ba, sai dai in ce yaron da ya cuci Kawu ya dawo unguwa bara da mota. An yi sulhu, ya biya kashi ɗaya cikin biyar, sauran an ce a yi haƙuri. Na ga mutanen da suka yi wa Kawu dariya sun miƙe tsaye suna ba shi hannu biyu.

Shi Kawu bai ƙara maganar kuɗin ba. Abin da na lura da shi wani ne daban. Da can soronsa ba ya rabuwa da tsofaffin ɗalibai, wannan ya kawo katin ɗaurin aure, wancan ya kawo ɗansa a sa masa albarka. Tun da abin ya faru, idan aka yi sallama aka ce ɗalibinsa ne, sai ya ce a gaya masa yana hutawa. Da Ƙaramar Sallar da ta wuce na je gaishe shi, na tarar da mutum uku zaune a kan dakali, magidanta masu furfura a gemu, ɗaya riƙe da ledar goro. Suka ce tun bayan saukowa daga idi suke jira. Na shiga na same shi a ɗaki, idonsa biyu, rediyo a gefensa a kashe. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ɗalibanka ne a waje, sun daɗe." Bai amsa ba. Na faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan na ukun sai ya ce, a hankali, wannan a aji huɗu hannun hagu yake rubutu da shi. Ya ƙara yin shiru na wani lokaci, sannan ya ce in miƙo masa hularsa.